Dutsen Zagami da Tarihin Baƙin Haske a Sararin Samaniya

Daga cikin matsalolin da zuwan jirgin sama ya haifar wa rundunonin soja a ƙarni na ashirin akwai wadda ba ta shafi makami ko dabarun yaƙi kai tsaye ba, wato rahotannin da matuƙa ke dawowa da su na wasu fitilu ko wasu abubuwa da suka gani suna shawagi a sama, waɗanda ba su yi kama da jirgi ko tauraro ko wani abin da ido ya saba da shi ba. Hukumomin soja sun ware wa irin waɗannan rahotanni rukuni na musamman, wanda ake kira abubuwan shawagi da ba a tantance ba, kuma abin da rukunin ke nufi shi ne cewa bayanan da aka samu ba su kai a yanke hukunci a kansu ba. Tarihin wannan al'amari na shekaru tamanin ya nuna cewa shaidar ido, ko da ta gogaggen matuƙi ce, ba kasafai take raba gardama ba, sai dai idan an samu wani abu da za a riƙe a hannu, a auna, a kuma adana domin masu bincike na gaba. Ɗaya daga cikin misalai mafiya ƙarfi na wannan ƙa'ida a duniya ya faru ne a ƙasar noma ta kudancin Katsina, inda wani abu ya faɗo daga sama a shekarar 1962, kuma bayaninsa bai kammala ba sai bayan shekaru fiye da talatin.

Yankin da ya haɗa Funtua da Malumfashi da Bakori da Faskari ƙasa ce mai ruwan sama fiye da arewacin Katsina, mai ƙasar noma mai nauyi da duwatsu jefi-jefi a tsakiyar gonaki, kuma tun zamanin Turawa aka san shi da auduga da dawa da gyaɗa, kafin masara ta mamaye shi daga baya. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a shekarar 1929, tare da injinan gurzar auduga na kamfanin Turawan Ingila, su ne suka haɗa manoman yankin da kasuwannin duniya. Amma tun kafin zuwan dogo da mota, manomin wannan ƙasa mai lura da sama ne, domin da fitowar taurari da ɓacewarsu yake lissafin damina da kaka. Ya san Kaza da 'ya'yanta, wato tarin ƙananan taurarin da ke tafiya tare, ya san Zara matar wata, wadda ita ce duniyar Venus idan ta fito da almuru, ya kuma san Gamzaki mai fitowa da asuba. Malaman zaure suna da nasu ilimin na falaki da hisabi, kuma ƙasar Katsina ce ta haifi Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741.

Al'ummar tana da bayani iri biyu game da abin da ke faɗowa daga sama. Na farko ya shafi hasken da ke gilmawa da dare ya ɓace nan take, wanda malamai ke danganta shi da jifan shaiɗanu masu satar sauraro, kamar yadda ya zo a Suratul Mulk da Suratul Jinn. Na biyu shi ne gatarin aradu, wato wani dutse mai santsi da baki kamar na gatari da manoma kan tono a gona, wanda aka yi imani cewa tsawa ce ke jefo shi, alhali masana kayan tarihi sun tabbatar cewa gatura ne da mutanen zamanin dutse suka sassaƙa da hannunsu. Abin lura a nan shi ne cewa tunanin dutse na iya saukowa daga sama bai taɓa zama baƙo ga Bahaushe ba, ko da yake dutsen da ya ɗora wa wannan asali ba shi ne ainihin wanda ke saukowa ba.

Jirgin sama ya shigo sararin ƙasar Hausa ne ta hannun soja. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na rundunar sojan saman Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, kuma da wannan tafiya ce jirgin sama ya fara zuwa Nijeriya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Kano ta zama babban zango a kan hanyar da ake kira hanyar Takoradi, inda ake harhaɗa jiragen yaƙi a gaɓar tekun Gana ta yau, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartoum har zuwa Masar, kuma jirage fiye da 5,000 ne suka bi ta wannan hanya tsakanin 1940 da 1943. Rundunar sojan saman Nijeriya kuwa an kafa ta ne a shekarar 1964, da babban sansaninta a Kaduna, a shekarar da aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Ke nan ƙarnin da ya kawo matuƙan soja saman Arewa shi ne kuma ƙarnin da rahotannin baƙin haske suka fara taruwa a ofisoshin sojan ƙasashen Yamma.

A ƙarshen shekarar 1944 matuƙan wata rundunar jiragen dare ta Amurka, mai lamba 415, suka fara ba da rahoton wasu dunƙulallun fitilu ja da ruwan lemo da ke bin jiragensu a saman kwarin kogin Rhine, a iyakar Faransa da Jamus, kuma da farko an zaci wani sabon makamin Jamusawa ne, har sai da yaƙi ya ƙare ba a samu irin wannan makami ba. Bayan yaƙin, rahoton da wani matuƙin farar hula, Kenneth Arnold, ya bayar a ranar 24 ga Yuni 1947, na abubuwa tara masu walƙiya kusa da tsaunin Rainier, ya buɗe ƙofar dubban rahotanni a Amurka. Wanda ya fi tayar da hankalin soja shi ne na Kyaftin Thomas Mantell, wanda a ranar 7 ga Janairu 1948 ya bi wani farin abu a saman jihar Kentucky, ya yi ta hawa sama ba tare da na'urar iskar shaƙa ba har ya suma, jirginsa ya faɗo, ya rasa ransa. Da farko hukuma ta ce duniyar Venus ya bi, daga baya bincike ya karkata ga cewa wani ƙaton balan-balan ne na gwajin kimiyya na rundunar sojan ruwa, wanda a lokacin sirri ne da matuƙin bai san da shi ba.

Rundunar sojan saman Amurka ta kafa ofishin bincike wanda ya sauya suna sau biyu kafin ya tsaya a kan Project Blue Book a shekarar 1952, kuma kafin a rufe shi a watan Disamba na 1969 ya tattara rahotanni 12,618, waɗanda 701 daga cikinsu ne kawai aka bari a matsayin waɗanda ba a tantance ba. Sauran an danganta su da taurari, da balan-balan na auna yanayi, da jiragen da hasken rana ya doka, da duwatsun sama masu ƙonewa a iska, kuma daga baya wani masanin tarihi na hukumar leƙen asirin Amurka ya bayyana cewa rahotanni da yawa na ƙarshen shekarun 1950 sun samo asali ne daga jirgin leƙen asiri na U-2, wanda ke tashi can sama da inda aka san jirage na kaiwa. Zamanin kyamara da na'urar rada bai kawo ƙarshen matsalar ba, domin rahoton da hukumomin leƙen asirin Amurka suka fitar a watan Yuni na 2021 ya duba al'amura 144, mafi yawansu daga matuƙan soja, ya tantance guda ɗaya tak, sauran kuwa ya ce bayanansu ba su wadatar ba. A watan Maris na 2024 ofishin da ma'aikatar tsaron ƙasar ta kafa domin wannan aiki ya bayyana cewa bai samu wata hujja da ke nuna fasahar wata duniya a cikin duk binciken da aka yi tun 1945 ba.

Dalilin da ya sa gwanin matuƙi ke ruɗewa yana cikin halittar ido da yanayin aikinsa. Ido yana auna nisan abu ne ta hanyar kwatanta shi da abin da ke kusa da shi, kamar bishiya ko gini ko tsauni, kuma a cikin duhun sama babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka haske mai ƙarfi da ke nesa da ƙaramin haske da ke kusa duk ɗaya suke a wurinsa. Haka kuma idan mutum ya ƙura wa haske guda ido a cikin duhu na ɗan lokaci, sai ya ga kamar yana motsi alhali a tsaye yake, kuma ana koya wa ɗaliban tuƙin jirgi wannan ruɗu domin su kiyaye shi. Ga shi kuma an horar da matuƙin soja ya ɗauki duk abin da bai gane ba a matsayin barazana har sai ya tabbatar da akasin haka, wanda wannan ɗabi'a ce mai ceton rai a fagen fama, amma tana sa shi fassara haske a matsayin jirgi mai matuƙi da niyya. Dutsen sama, wato ɓaraguzan dutse ko ƙarfe da ke yawo a sararin samaniya har ya faɗo cikin iskar duniya, yana shigowa da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya ba, yana fara haske a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa, amma wanda ke cikin jirgi sai ya rantse cewa ta gefen fiffikensa ya wuce. Abin da ya faru ke nan ga wasu matuƙa biyu, Chiles da Whitted, tsofaffin sojan sama da ke tuƙa jirgin fasinja a watan Yuli na 1948, waɗanda suka siffanta abu mai tagogi da wuta a bayansa, ofishin binciken sojan saman Amurka kuwa ya yanke cewa dutsen sama ne.

A ranar 3 ga Oktoba 1962, lokacin da kaka ta kama, dawa ta fitar da kai, auduga ta fara buɗewa, irin wannan dutse ya sauka kusa da dutsen Zagami a ƙasar Faskari, arewa maso yammacin Funtua, a Lardin Katsina na Jihar Arewa, zamanin Sarkin Katsina Usman Nagogo da Firimiya Sir Ahmadu Bello. Bayanin da aka adana ya nuna cewa wani manomi yana cikin gonarsa ya ji ƙara mai tsanani tare da bugun iska, sai ga abu ya daki ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse a rami mai zurfin kimanin ƙafa biyu. Da aka tono shi sai aka ga dutse guda ne mai nauyin kilo 18, bayansa baƙi wuluk mai sheƙi kamar an shafe shi da kwalta, wanda shi ne ɓawon da ke samuwa idan zafin gogayya da iska ya narkar da fatar dutsen, cikinsa kuwa ruwan toka ne da siraran jijiyoyi baƙaƙe suka ratsa. Dutsen ya shiga hannun hukuma, aka kai shi Kaduna, hedikwatar Hukumar Binciken Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1919, aka adana shi a can, kuma wannan adanawa ita ce ta bambanta lamarin Zagami da dubban rahotannin da suka ƙare a takarda.

Da masana suka yanka ɗan yanki suka duba, sai suka tarar cewa dutse ne na aman wuta, wato narkakken dutsen da ya fito daga cikin ƙasa ya daskare, kuma ya yi kama ƙwarai da wani da ya faɗo a Shergotty ta ƙasar Indiya a shekarar 1865. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne shekarunsa, domin yawancin duwatsun sama sun kai shekara biliyan huɗu da rabi, tun farkon samuwar rana da duniyoyinta, alhali awon da aka yi wa na Zagami ya nuna ya daskare ne kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Wannan na nufin ya fito ne daga wata babbar duniya da cikinta ya daɗe da zafi har take aman wuta a kusa-kusan nan, kuma zato ya karkata ga duniyar Mars, wadda malaman falaki na da ke kira Mirrihu. Hujjar ta fara samuwa ne bayan kumbunan Viking guda biyu na Amurka sun sauka a Mars a shekarar 1976 sun auna sinadaran iskarta, sannan a 1983 aka gano irin wannan iska a kulle cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika. A shekarar 1995 wasu masana ƙarƙashin Kurt Marti suka buga sakamakon da ya nuna cewa ƙananan aljihunan gilashi da ke cikin dutsen Zagami su ma suna ɗauke da iskar Mars, wadda ta maƙale a ciki lokacin da wani ƙaton dutse ya daki duniyar ya tsinko wannan yanki ya wurga shi sararin samaniya, inda ya yi yawon kimanin shekara miliyan 3 kafin ya iso gonar Faskari.

Duwatsun Mars da aka shaida faɗowarsu da ido guda biyar ne kacal a tarihi, wato na Chassigny a Faransa a 1815, da na Shergotty, da na Nakhla a Masar a 1911, da na Zagami, da na Tissint a Maroko a 2011, kuma na Zagami shi ne dutse guda mafi girma a cikinsu. Darajar dutsen da aka ga faɗowarsa ita ce ana ɗauke shi kafin ruwan sama da ƙasa su gurɓata shi, saboda haka ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suka dogara da shi wajen fahimtar yadda cikin Mars yake. A shekarar 1996 aka saka ɗan ƙanƙanin gutsurensa a cikin wata na'ura ta kumbon Mars Global Surveyor, wanda ya isa Mars a 1997 ya shiga kewaya ta, ta yadda wani yanki na abin da aka tono a ƙasar Katsina ya koma kusa da inda ya fito. Arewacin Nijeriya ya ga wasu faɗowar bayan wannan, kamar na Kabo a ƙasar Kano a 1971, da na Mayo Belwa a 1974, da na Gujba a 1984, amma babu wanda ya kai na Zagami shahara a wurin masana.

Matsayin manomi a wannan fage yana da tsohon tarihi. Har ƙarshen ƙarni na sha takwas manyan masanan Turai ba su yarda cewa dutse na faɗowa daga sama ba, suna ɗaukar maganar a matsayin camfin ƙauyawa, ko da wani masani, Ernst Chladni, ya rubuta littafi a 1794 yana kare shaidarsu. Sai da duwatsu kimanin 3,000 suka zubo a garin L'Aigle na Faransa a ranar 26 ga Afrilu 1803, aka tura wani masani, Jean-Baptiste Biot, ya bi ƙauyuka yana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, yana gwada maganarsu da duwatsun da suka tsinta, sannan aka sallama. Darasin da ke cikin wannan ya shafi matuƙin soja kamar yadda ya shafi manomi, domin raina mai shaida kuskure ne da ya jinkirta ilimi shekaru masu yawa, gaskata fassararsa ba tare da awo ba kuma kuskure ne na biyu. Mai shaida yakan yi gaskiya cewa ya ga wani abu, amma gane ko mene ne abin aiki ne na dabam da ke buƙatar hujja.

An ga amfanin haɗuwar shaidar ido da awon masana a watan Oktoba na 2008, lokacin da wani mai duban taurari a jihar Arizona ta Amurka ya hango wani ƙaramin dutse yana dosar duniya, aka lissafa cewa zai shigo ta saman arewacin Sudan cikin ƙasa da kwana ɗaya. An sanar da matuƙan wani jirgin kamfanin KLM da ke ratsa saman Chadi, suka kuwa ga walƙiyar daga nesa a daidai lokacin da aka faɗa, kuma saboda sun san abin da ke tafe, ba a rubuta rahotonsu a cikin abubuwan da ba a tantance ba. Bayan wata biyu Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum da Peter Jenniskens suka jera ɗaliban jami'ar a hamadar Nubiya suna tafiya a ƙasa har suka tsinto gutsattsarin, wanda hakan ya ba jami'ar ƙasar babban rabo a cikin binciken da ya biyo baya.

Rabon ƙasar Katsina a nata dutsen bai kai haka ba. A shekarar 1988 wani dillalin duwatsun sama daga Amurka, Robert Haag, ya samu babban yanki na dutsen Zagami ta hanyar musaya, kuma daga nan aka yi ta yanka shi ƙanana-ƙanana ana sayarwa da awon giram ga gidajen tarihi da masu sha'awar tarawa, har ya zama daga cikin duwatsun Mars da suka fi yaɗuwa a hannun jama'a. Irin wannan ta sake faruwa a maƙwabta, inda aka tsinci dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar a watan Nuwamba na 2023, aka yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yuli na 2025 a kan kuɗi fiye da dala miliyan 5, abin da ya sa gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar. Hakki ne a kan gwamnatin Jihar Katsina da jami'o'in Arewa su sanya tarihin dutsen Zagami a cikin darussan makarantu, su nemi a dawo da wani yanki nasa inda ɗaliban Funtua da Malumfashi da Faskari za su gan shi da idonsu, su kuma wayar da kan dagatai da masu unguwanni cewa duk dutsen da aka ga faɗowarsa a rubuta ranarsa da wurinsa, a kai shi ga masana kafin ya faɗa hannun dillalai.